Shekara bakwai ina gudun dariya

A unguwarmu, idan uwa za ta yi wa 'yarta faɗa a kan rawar kai, da ni take ba da misali. "Ba ki ganin 'yar gidan Malam? Ko haƙorinta ba a gani." Na taso ana yabona da natsuwa, malaman Islamiyya suna sa min albarka, tsofaffi suna cewa duk wanda ya aure ni ya huta. Ba wanda ya san cewa ba halina ba ne. Dariya ce take sa min ciwo, shi ya sa na bar ta.

Ina shekara tara abin ya fara. Muna gaɗa a dandali da daddare, wata ƙawata ta kwaikwayi tafiyar wani mai tallan kalanzir, muka fashe da dariya. Sai na ji kamar an ɗaga taɓarya an sauke min a ƙeya. Na durƙusa na riƙe kaina da hannu biyu, idona ya yi duhu. Kafin yara su gama tambayata abin da ya same ni, ciwon ya wuce, ko minti ɗaya bai kai ba. Na miƙe na ce ba komai.

Da sannu na haddace abubuwan da ke taso shi: tari, atishawa, jan guga, ɗaga bokiti zuwa kai, yunƙuri a banɗaki, ɗaga murya wajen hadda. Na koyi danne hanci in kashe atishawa tun ba ta fito ba. Idan aka fara raha sai in nemi abin da zai fitar da ni daga ɗakin. Yaro ba ya sanin cewa abin da yake ji ba kowa ke jin sa ba. Na ɗauka kowa kansa yana sarawa idan ya yi tari, sauran mutane sun fi ni dauriya ne kawai.

Ni 'yar fari ce, gidanmu kuma gidan alkunya ne. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta yi min kitso, ba ta zaunar da ni ta tambayi damuwata. Ba ƙi ba ne, haka ita ma aka rene ta. Kakata nake kai wa kuka, ita kuma sai ta aika a sayo Panadol. Idan abin ya yi yawa a kai ni kemis, a ɗebi jini, a ce maleriya ce da taifot, a yi min allurai. Da yake ciwon yana zuwa ya tafi da kansa, kowane magani aka ba ni sai a ga kamar ya yi aiki. Ban iya ƙirga yawan allurar taifot da na sha a shekarun nan ba.

A 2017, lokacin da sanƙarau ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato da Katsina, ina shekara goma sha huɗu, wuyana ya riƙe na kwana biyu. Hankalin gida ya tashi, Baba ya ɗauke ni a babur zuwa asibiti. Ma'aikacin da ya duba ni ya ga babu zazzaɓi, ya ce ba sanƙarau ba ne, ya sallame mu ba tare da an ɗebi ruwan bayana ba. Daga baya na ji daga bakin likita cewa wannan rahamar Allah ce, domin mai irin ciwona idan aka zuƙi ruwa daga bayansa ƙwaƙwalwar tana iya ƙara zamowa ƙasa. Da muka dawo gida kakata ta kira wanzami, aka yi min ƙaho a ƙeya, wai mugun jini ne ya taru. Tabon tsagar yana nan har yau.

Daga nan abubuwa suka riƙa ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne kuma da fassarar da aka ba shi. Ina yawan ƙwarewa idan ina shan ruwa, aka ce gaggawa ce. Muryata ta dushe, aka ce sanyi ne. Ƙanwata da muke kwana ɗaki ɗaya ta ce ina minshari, kuma wani lokaci numfashina yana tsayawa har sai ta girgiza ni. Jiri yana ɗibata a hanyar makaranta. Da za a yi mana ɗinkin sallah, telar ta auna kafaɗata sau biyu, ta ce in miƙe sosai. Na ce a miƙe nake. Ta yi shiru, ta rubuta awon. Kafaɗata ta dama ta fi ta hagu tudu, bayana ya fara karkacewa, hijabi ne ya rufa min asiri.

Da azumin 2018 abin da ya fi tsorata kowa ya faru. Ina suyar ƙosai gab da magariba, na dafa hannuna na hagu a gefe ina juyawa da dama. Ƙanwata ce ta ƙwalla ihu: "Yaya, hannunki!" Na duba, ashe a kan bakin kaskon na dafa. Fatar ta yi fari ta tashi, gidan ya ɗauki ƙauri, ni kuwa ban ji komai ba. Na tsaya ina kallon hannun kamar na wani. Inna ta fito da gudu, ta kama shi ta tsoma a ruwa, tana kallon fuskata tana jiran in yi kuka. Da ta ga ban yi ba, ita ce jikinta ya ɗauki rawa.

Kafin sallar asham labari ya zaga unguwa, kuma kowa ya san sunan da ake ba wanda wuta ba ta yi masa zafi. Aka ce iska ce. Aka haɗa da shirun da ake yabona da shi a da, aka ce ai dama alama ce, mutanen ɓoye sun daɗe tare da ni. Aka yi min ruƙiyya sau da yawa, na sha rubutu, na shaƙi hayaƙi. Hayaƙin yana sa ni tari, tarin yana sara min ƙeya, in faɗi ina riƙe da kai, sai a ce ga shi nan ya motsa. Ban raina addu'a ba, da ita na rayu har yau, kuma waɗanda suka yi min sun yi ne da kyakkyawar niyya. Amma sunan da aka ba ciwon ya rufe ƙofar tambaya kusan shekara guda, a shekarar nan kuma hannuna yana ta mutuwa. Abin da ya fi min zafi shi ne ni ma na yarda. Na riƙa jin tsoron kaina. Da daddare in kwanta ina karanta Ayatul Kursiyyu ina sauraron ko zan ji motsin wani a cikin jikina. Ƙawayena suka janye, wata uwar ta hana 'yarta zama kusa da ni a aji.

Ƙuna ta biyu ce ta kai ni inda aka gane. Ruwan zafi ne wannan karon, ciwon ya ruɓe, dole aka kai ni babban asibitin garinmu. Wani matashin likita mai bautar ƙasa ne yake wanke min. Yana cire ruɓaɓɓen nama yana ba ni haƙuri, sai ya ɗago ya ga ina kallon taga.

"Ƙanwata, ba ki jin zafi?"

Na ce a'a. Gwaggo da ta raka ni ta yi saurin cewa, "Likita, ai larurar iska gare ta."

Bai yi mata musu ba. Ya ce in rufe ido. Ya shafa min auduga a hannun, na ce na ji. Ya tsikare ni da allura, na ce na ji an taɓa ni, amma ba ciwo. Ya aika aka kawo kwalba biyu, ɗaya da ruwan ɗumi ɗaya da na sanyi, ya riƙa ɗora min daga yatsu har kafaɗa, na kasa bambance su. A hannun dama na bambance, sai dai ba sosai ba. Ya sa na sunkuya ya dubi bayana. Sannan ya zauna ya ce, "Idan kika yi tari ko dariya, ƙeyarki tana ciwo?"

A nan na fashe da kukan da ban yi ba ranar ƙosai. Shekara bakwai ina ɗauke da wannan abu, ban taɓa tsammanin akwai wani mahaluki da ya san da shi ba, balle ya tambaye ni da bakinsa.

Ya rubuta mana takarda zuwa asibitin koyarwa, ya ce mu ga likitan ƙwaƙwalwa. Wannan kalma ta kusa ɓata komai, domin a gida an ɗauka asibitin masu taɓin hankali yake nufi. Sai da Baba ya koma da kansa, likitan ya fayyace masa cewa likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka yake nufi, irin waɗanda ake samu a manyan asibitocin Sakkwato da Kano da Zariya da Abuja, kuma sai an yi hoton MRI, domin hoton ƙashi na yau da kullum ba zai nuna abin ba. Baba ya sayar da buhunan masarar da ya ajiye, muka tafi. Aka tura ni cikin na'urar nan mai kama da rami, tana ƙara kamar ana sara ƙarfe, aka ce kada in motsa. Na fi rabin awa a ciki ina salati.

Likitan tiyatar dattijo ne mai sanyin magana. Ya maƙala hoton a jikin fitila, ya ce wa Baba, "Malam, matso ka gani da idonka." Ya nuna ƙasan ƙoƙon kai, inda akwai wata ƙofa da faɗinta bai wuce yatsu biyu ba, ta nan laka take fitowa daga ƙwaƙwalwa ta gangara cikin ƙashin baya. A saman ƙofar, daidai ƙeya, ƙaramar ƙwaƙwalwa take zaune, mai kula da daidaiton tsayuwa da tafiya. Ya ce ni ɗakin da aka tanadar mata a ƙoƙon kaina ya yi mata kaɗan tun halitta, sai gindinta ya zurara cikin ƙofar. Idan zurarar ta kai milimita 5 likitoci suna ba ta suna. Tawa ta kai 14.

Ya ce akwai wani ruwa garai-garai da ke zagaye ƙwaƙwalwa da laka, jiki yana samar da kusan rabin lita a kullum, yana hawa yana sauka ta wannan ƙofa da kowane bugun zuciya. Tawa ƙofar kamar mazurari ne da aka cusa wa tsumma. Idan na yi tari ko dariya ruwan yana yunƙurowa da ƙarfi, ya rasa hanya, shi ne sarar da nake ji. Sai ya gangara da yatsansa ya nuna wani dogon farin abu a tsakiyar lakar, daga wuya har tsakiyar baya. Ruwan da ya rasa hanya ne ya yi wa kansa aljihu a ciki, suna kiran sa sirinks. Jijiyoyin da ke kai labarin zafin wuta da sanyi da ciwo ta tsakiyar laka suke tsallakawa, daidai inda aljihun yake, su ne suka fara lalacewa. Masu kai labarin taɓawa ta baya suke bi, shi ya sa nake jin auduga ba na jin wuta. Karkacewar bayana ma daga nan take, ƙwarewa da dushewar murya da tsayawar numfashi kuma daga matsin da ke kan tushen ƙwaƙwalwa.

Baba ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ke nan ba iska ba ce?"

"Ga abin da na gani, Malam. Sunansa Chiari, ana furta shi Kiyari, sunan wani likita ne ɗan ƙasar Ostiriya, Hans Chiari, da ya bayyana shi a 1891. Shi a jikin gawa ya gan shi. Mu Allah ya ba mu na'urar da muke ganinsa mai shi yana raye."

Ya ƙara da cewa ba faɗuwa ce ta jawo shi ba, ba kuma wani abu da mahaifiyata ta yi ko ta bari ba. Mutane da yawa suna da wannan zurarar ba su sani ba, ba ta dame su ba, irinsu ba a taɓa su, sa ido kawai ake yi. Amma wanda ruwa ya taru masa a laka har hannu ya fara mutuwa, aiki ne maganinsa. Sai ya faɗi maganar da na fi gode masa a kanta, ko da yake a ranar ta yi min ɗaci. Ya juyo gare ni ya ce, "'Yata, aikin nan tsayar da ɓarna yake yi. Ciwon kan ina sa ran zai tafi. Abin da ya riga ya mutu a hannun, ban yi miki alkawarin zai dawo ba." Ya lissafa haɗarin ba tare da ɓoye-ɓoye ba: ruwan yana iya yoyo ta wurin ɗinki, ƙwayar cuta tana iya shiga, wani sai an sake masa aikin, kuma wurin yana kusa da inda numfashi yake.

Wata uku muka yi a gida ana ja-in-ja. Baffa ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, yarinya tana tafiya da ƙafarta a kai ta a fasa mata kai? Wasu suka ce wa zai auri wadda aka buɗe wa ƙwaƙwalwa. Kakata kuka kawai take yi. Ban ga laifinsu ba, tsoro ne irin na masu ƙauna. Baba ya yi istihara ya sake yi, bai ce komai ba. Ni kuwa ina ganin abin da ba su gani. Naman da ke tsakanin babban yatsana da manuniya ya zabge, wurin ya yi rami. Allura ta fara suɓuce min. Yatsun dama ma sun fara yin wani dum.

Wata asuba ina alwala a tsakar gida, na ɗauki buta da hagu zan zuba wa dama, ta faɗi. Na sake ɗauka, ta sake faɗi. Ban san Baba yana tsaye a ƙofar zaure ba. Da daddare ya tara 'yan'uwansa, ya sa aka kira ni, abin da ba a taɓa yi ba. Ya ce, "Jikinki ne. Me kika gani?" Ban taɓa magana a gaban iyayena maza ba, muryata tana rawa na ce, "Baba, idan aka bar ni ma ba tsira na yi ba, a hankali nake tafiya. Ina so a yi." Baffa ya sunkuyar da kai. Washegari shi ne ya fara kawo gudummawarsa, kuɗin ragon da ya sayar. Bayan kaka Baba ya sayar da sa ɗaya daga cikin shanun huɗarsa, dangi suka cika sauran.

A ɗakin da aka kwantar da ni akwai wata baiwar Allah daga ƙauye da jaririnta. An haife shi da ƙullutu a gadon baya, kansa kuma yana ta girma, an sa masa siririyar roba daga kai zuwa ciki don ruwan ya riƙa sauka. Kukansa wani iri ne, da ƙyar yake fita. Wata nas ta gaya min ciwonmu dangin juna ne, nasa shi ne nau'i na biyu, mai zuwa tare da buɗaɗɗen baya, kuma ya fi nawa tsanani nesa ba kusa ba. Ta ce 'yan ƙananan ƙwayoyin nan rawaya na folik asid da ake bayarwa a wurin awo suna rage aukuwar buɗaɗɗen baya sosai, amma sai mace ta fara sha tun kafin ta ɗauki ciki, domin bayan jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da yawancin mata ba su ma san suna da ciki ba. Uwar tana jin mu, ta ce ita sai da cikin ya kai wata shida ta fara zuwa awo. Ba ta yi kuka ba, ta ci gaba da jijjiga shi. Har yau ina sa su a addu'a.

Gwaggo ce mai jinyata, kamar yadda al'ada ta tsara. Amma ana gobe aikin sai ga Inna ta iso da yamma, ita kaɗai ta hau mota, abin da ba ta saba ba. An gaya mana za a aske min ƙeya. Ba ta gaishe ni da jiki ba, ta ce wa Gwaggo, "Yaya, miƙo min tsinken nan." Ta zauna a bakin gado, ta ce, "Ke, zauna nan." Na zauna a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Ta tsefe min kai ta yi min shuku, ta tattara gashin duka sama don kada a aske da yawa. Ranar ce ta farko da hannunta ya shiga gashina tun da na yi wayo. Ba ta ce komai ba har ta gama, ni ma ban ce ba, sai dai ina jin ɗigar wani abu mai ɗumi a wuyana ta ɓangaren dama.

Abin da aka yi a ɗakin tiyata daga baya aka ba ni labari. Bayan allurar barci an kifa ni, an ɗaure kaina da ƙarfe don kada ya motsa. An tsaga daga ƙeya zuwa saman wuya, aka cire guntun ƙashi kimanin santimita 3 daga bakin ƙofar nan, aka cire bayan ƙashin wuya na farko. Sannan aka buɗe fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, aka yi mata ƙari da wani yanki da aka ɗebo daga jikin ƙoƙon kaina, kamar yadda tela ke ƙara wa rigar da ta matse ƙyalle. Ba a cire min ƙwaƙwalwa ko kaɗan ba, wuri kawai aka buɗa mata. Likitan ya ce wasu yaran cire ƙashin kaɗai yana isar su, amma saboda girman aljihun ruwana ya zaɓi ya buɗe fatar. Aikin ya ɗauki wajen awa huɗu.

Na farka da ciwon wuyan da ban taɓa jin irinsa ba, ga amai. Kwana biyu ban iya juya kai ba. A rana ta biyar Gwaggo ta ga matashina ya jiƙe da wani ruwa fari tas, ba jini ba, ba mugunya ba. Yoyon da aka gargaɗe mu ne. Aka ƙara ɗinki, aka sa min allurai masu ƙarfi don kada cuta ta bi ta wurin ta shiga, aka hana ni tashi. Waɗannan kwanaki su ne mafi duhu a gare ni. Na riƙa tunanin san da Baba ya sayar, da maganar Baffa, ina cewa ko ni ce na jawo mana. Allah ya taƙaita, yoyon ya tsaya, muka yi sati uku aka sallame mu.

A hanyar gida, cikin hunturu, ƙura ta shigo ta tagar mota. Atishawa ta zo min ba shiri, ban samu na danne ta ba. Na riƙe kai na runtse ido ina jiran taɓaryar. Na jira. Ba ta sauko ba. Na ce, "Gwaggo, na yi atishawa." Ta ce, "Yarhamukillah," ba ta gane abin da nake nufi ba.

An ce mu koma hoto bayan wata shida, sai korona ta zo a 2020 aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, muka makara. Da muka samu zuwa, dogon farin abin nan ya tsuke ya koma kamar zare. Ƙwarewa ta tafi, muryata ta washe, ƙanwata ta ce numfashina ya daina tsayawa. Bayana bai miƙe ba, amma bai ƙara karkacewa ba. Hannun dama ya dawo daidai. Na hagu ya ɗan yi ƙarfi bayan watanni ina zuwa gashin ƙashi a asibiti, ina iya riƙe buta yanzu, sai dai ramin yana nan, kuma har yau bai san wuta ba. Na taɓa tambayar likitan ko da an yi aikin tun ina shekara goma sha biyu da hannun ya tsira. Ya ce Allah ne masani, amma laka ba ta son jira. Wannan amsa ta daɗe tana cina. Ba na riƙe kowa a zuciya, sai dai ina yawan tuna cewa tambaya ɗaya ce tak ta buɗe al'amarin, kuma ba ta buƙaci na'ura ko kuɗi ba.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare. Yaron da ya cika shiru ba na saurin yaba masa, nakan ja shi gefe in tambaye shi ko akwai inda ke masa ciwo. Yawanci ba komai, halinsu ne. Ciwon kai ma iri-iri ne, mafi yawansa ba irin nawa ba ne. Amma na ƙeya da ke zuwa da tari ko atishawa ko dariya ya wuce nan da nan, ko yaron da ke ƙonewa bai sani ba, ko bayan da ke karkacewa tare da mutuwar hannu, ina gaya wa iyaye su nemi likitan da zai duba laka, su ci gaba da addu'arsu a hanya.

Dariya ta fi atishawa wuyar dawowa. Jikina ya saba da gudunta, har yanzu idan abin dariya ya zo sai in ji hannuna ya kai ƙeya da kansa kafin in sake. 'Yan ajina sun lura, suna ce min Malama mai riƙe kai.

Girki kuwa ban daina ba. Ruwan wanka da dama nake gwada shi, tukunya da tsumma nake saukewa ko da na ga kamar ta huce. Watanni kaɗan bayan mun dawo daga asibiti na sake ƙonewa a gefen murhu, kaɗan ne, ban gaya wa kowa ba. Ranar kasuwa Inna ta dawo ta ajiye wani ƙulli a kan gadona ta fita. Awarwaro ne guda huɗu na ƙarfe, masu ƙara. Ta ce wa ƙanwata, "Gaya wa yarinyar nan a hagu za ta sa, duka huɗun." Na sa su. Duk inda hannun ya nufa sai na ji ƙararsa na duba, ita ma daga ɗakinta tana jin sa idan ina madafa.